"In Bai Yi Ba, Ka Dawo Da Shi": Shawarwari Biyar Kafin Ka Biya

Duk wanda ya taɓa sayen fanka ko waya a Kasuwar Wunti ya san wannan alkawari: "In bai yi ba, ka dawo ka karɓi kuɗinka." Ranar dawowa kuwa sai ka tarar da yaron shago, wai maigida ya yi tafiya. Ga yadda za ka hana alkawarin bin iska.

1. A rubuta shi a kan rasit.
Maganar baki ba ta da shaida. Ka sa mai shago ya rubuta kwana nawa ya ba ka, kuma canji ne, gyara ne, ko mayar da kuɗi. Lambar jikin kayan ma ta shiga, don kada gobe a ce ba nasu ba ne.

2. Ɗauki hoton tallar.
Ko a WhatsApp ka gani, ko a allon bakin shago, ka adana a wayarka. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta haramta tallar yaudara, amma sai da hujja a hannu, talla kuwa yanzu-yanzu ake goge ta.

3. Gwada kafin ka fita.
In babu wuta, a tayar da janareta. Ka ajiye kwali da caja, kuma in kaya ya ba da matsala kada ka fara kai wa mai gyara. Da zarar an kwance shi, ka ba mai shago mafita.

4. Kada "ba a mayar da kaya" ta razana ka.
Rubutun nan na ƙasan rasit bai fi doka ƙarfi ba: kayan da ya fito da aibi kana da wata uku ka mayar, a gyara, a canza, ko a biya ka. Ko a fiƙihu, aibin da aka ɓoye yana ba mai saye damar fasa ciniki. Amma in kala ce kawai ba ta yi wa uwargida ba, sai dai alfarma.

5. Bi a sannu, daki-daki.
Fara da mai shago cikin lalama, in ya ƙi sai shugabannin 'yan kasuwa. A Kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal, ɗan kasuwa ba ya son sunansa ya ɓaci a layi. In nan ma ta ci tura, hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, tana karɓar ƙorafi ta intanet. A nan ne rasit da hoton nan za su yi maka rana.