Nasiha ga Matan Zango Masu Hawan Jini

'Ya'yana mata na Nima da Maamobi, ku ba ni aron kunnuwanku.

Da yawanku kuna zuwa awon jini. Nas ta ɗaura miki abin awo a damtse, ta ce ya haura 140 bisa 90, ta tambaye ki ko kina shan magani. Sai ki ce "ina sha", ki karɓi ƙwayoyi ki yi gida. Ba ki gaya mata barci ya ƙaurace miki ba, abinci ya fita ranki, kin daina zuwa suna da biki, kina dama kokon sayarwa da asuba hawaye na zuba.

'Yata, idan wannan hali ya wuce mako biyu, mai yiwuwa ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Ba raunin imani ba ne. Ki riƙe addu'a, ki kuma nemi magani, domin addini bai hana ba.

Hawan jini da ciwon damuwa suna taimakon juna. Wadda zuciyarta ta yi nauyi ita ke manta ƙwayar safe, ta tsallake ranar asibiti, jinin ya ƙi sauka. Saboda haka ki faɗa wa likita komai. Tun dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012, manufar Ghana ita ce a duba mutane kusa da gida. Ba sai an kai ki asibitin ƙwaƙwalwa na Pantang ba, ki fara tambaya a asibitin Maamobi.

Wata zama da mai ba da shawara ya ishe ta, wata sai an haɗa da ƙwaya. Ƙwayar damuwa takan ɗauki makonni kafin a ji aikinta, kada ki yanke ta da kanki. Ki kai wa likita duk abin da kike sha, har jiƙo da maganin ciwon jiki irin diclofenac, don wasu na tayar da jini. In kuwa zuciya ta fara raya miki gara mutuwa, ki gaya wa wani a ranar, a tafi asibiti.

Ku kuma maƙwabta, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Wadda kuka daina gani a adashi ko makarantar Islamiyya, ku leƙa ɗakinta, ku zauna da ita, ku raka ta asibiti, ku rufa mata asiri.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani.