Manhajar Gwajin Mota Ta Sata: Inda Haɗarin Yake

A ƙarƙashin sitiyarin motar zamani akwai wata kafa mai ramuka 16 da ake kira OBD-II. Tun 1996 Amurka ta wajabta ta a ƙananan motocin da ake sayarwa a can, shi ya sa tokunbo da ke shigo mana ke ɗauke da ita. Ta nan makanike ke jona kwamfuta ko waya ya yi magana da ƙwaƙwalwar mota, wato ECU.

Aiki iri biyu ake yi ta wannan kafa, karatu da rubutu. Karatu shi ne fito da lambar matsala, kamar P0300 da ke nuna wuta ba ta kamawa daidai a injin. Rubutu kuwa shi ne canza abin da ke cikin ƙwaƙwalwar, kamar sabunta manhajarta ko yi wa sabon makulli rajista.

A wajen rubutu ne manhajar sata ke jawo asara. Ɗauki Techstream ta kamfanin Toyota, wadda fasassun kwafinta ke yawo tare da wayar jonawa ta jabu. Idan ta tsaya ana tsakiyar rubutu, tsohon bayani ya goge, sabo bai gama shiga ba. Motar da ta shigo gareji da kanta sai ta ƙi tashi, kuma sau da yawa sai an sayi wata ƙwaƙwalwar. Babu kamfanin da za ka kai wa kuka, mai mota kuma kai ya sani.

Haɗari na biyu a kan kwamfutarka yake. Yawancin irin waɗannan kwafi sai ka kashe manhajar kariya kafin su hau. Da hannunka ka buɗe wa ɓarawon bayanai ƙofa, har ya kai ga lambobin sirrinka na banki.

Na uku, kwafin sata ba ya samun sabuntawa, don haka yana iya kasa gane sababbin motoci.

Idan koyo kake yi, fara da karatu kawai. Na'urar ELM327 mai Bluetooth da Torque Lite ko Car Scanner daga Play Store sun ishe ka. Aikin rubutu kuwa a bar shi ga manhaja mai lasisi, da batir mai cikakken caji. Kafin ka miƙa motarka, tambayi makanike: wace manhaja ce, kuma karatu zai yi ko rubutu?