Tsarin Girki da Ciyar da Iyali a Gidan Bahaushe Musulmi

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce, "Da ruwan ciki ake jan na rijiya." Wannan darasi zai duba yadda Bahaushe Musulmi yake tsara ciyar da iyalinsa, tun daga rumbu har zuwa akushi. Abin da ake son ɗalibi ya fahimta shi ne, girki a irin wannan gida rabon haƙƙi ne, wanda addini ya shata iyakokinsa, al'ada kuma ta tsara yadda ake gudanar da shi.

2.0 Haƙƙin Maigida

Musulunci ya ɗora wa miji ciyarwa da tufatarwa gwargwadon ƙarfinsa, kamar yadda aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta nuna, kuma littattafan fiƙihun Malikiyya irin su Risala suka bayyana. A karkara, aikin yakan fara ne da kaka. Idan hatsi ya kai nisabi, wato sa'i 300, manomi zai fitar da zakkar kashi 1 cikin 10 in ruwan sama ne ya shayar da gonar, ko kashi 1 cikin 20 in da wahalar ban-ruwa aka noma. Ragowar sai a zuba a rumbu, maigida ya riƙa fitar da awon kowace rana.

A nan lissafi yake da muhimmanci. Gidan da yake cin mudu 2 kullum yana bukatar mudu 60 a wata, wato kimanin 720 a shekara. Wanda ya sayar da hatsinsa da kaka domin hidimar biki, shi ne yakan shiga ƙunci a watannin Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, farashi kuma ya hau. A birni, maigida mai lura yakan sayi buhunan hatsi da kaka, sannan ya riƙa bayar da kuɗin cefane.

3.0 Rabon Girki

A gidan da ake da mace fiye da ɗaya, girki yana tafiya ne tare da kwana. Al'adar da ta fi yaɗuwa ita ce kwana bibbiyu. Amarya budurwa tana da kwana 7, bazawara kuma kwana 3, sannan a koma zagaye. Mai girki ita ce take karɓar awo da cefane, ta dafa wa gida duka, ta raba wa kowane ɗaki, ta kai wa maigida nasa. Aya ta 3 ta Suratun Nisa'i ta shardanta adalci tsakanin mata, saboda haka ƙara wa wata cefane a ranar girkinta tare da tauye wata zalunci ne. Haka nan mai girkin da take cika kwanon 'ya'yanta ta rage na 'ya'yan kishiya. Rigingimu da dama na cikin gida daga bakin murhu suke farawa.

4.0 Lokutan Abinci

Lokutan salla su ne agogon uwargida:

(a) Bayan Asuba: karin kumallo, kamar koko da ƙosai, ko kunu, ko ɗumame.
(b) Wajen Azahar: abincin rana, kamar fura da nono, ko ɗanwake, ko dambu.
(c) Tsakanin Magariba da Isha'i: tuwon dawa ko gero ko masara, da miyar kuka ko kuɓewa ko taushe.

Hatsi yana ba da ƙarfi. Wake da gyaɗa da daddawa da nono suna gina jiki. Ganyaye irin su zogale da rama suna kare lafiya. Uwargida ta gari takan haɗa waɗannan rukunai uku, ta kuma kula da yara da tsofaffi da mai jego.

5.0 Azumi da Salla

Da watan Ramalan tsarin yakan sauya zuwa sahur da buɗa-baki, inda ake fara shan ruwa da dabino da kunun tsamiya ko na kanwa. A ƙarshen wata maigida zai fitar da zakkar kono, sa'i 1, wato mudun Annabi 4, ga kowane mutum da yake ciyarwa. Da Babbar Salla ana cin naman layya, a yi sadaka, a soya ragowar a adana. Wasu gidaje sukan ajiye jelar rago har zuwa cika-ciki a watan Muharram.

6.0 Rabon Maƙwabci da Baƙo

Ba a dafa tuwo daidai kan mutanen gida. Akwai kwanon maƙwabci, da na baƙo, da na almajiri. A wurare da yawa magidanta sukan fito da akussansu ƙofar gida su ci tare, abin da ake kira ciyayya; ta haka asirin marar hali yake rufuwa. Duk da haka, aya ta 31 ta Suratul A'arafi ta hana almubazzaranci, shi ya sa tuwon da ya kwana yake zama ɗumame.

7.0 Kammalawa

An ga cewa zaman lafiyar gida ya dogara ga tanadin maigida da adalcinsa, da kuma amanar mai girki. Ya kamata malami ya jawo misalai daga gidajen ɗalibansa idan zai koyar da wannan darasi.

Jinga

1. Bayyana dangantakar girki da kwana a gidan Bahaushe.
2. Lissafa hatsin da gida mai cin mudu 3 kullum yake bukata a wata 6.
3. Tsara jadawalin abincin mako guda na watan azumi ga gida mai mutum 8.