Taya da Iska: Abin da ke Ɗauke da Motar Kasuwa

Ran kasuwa, tun da asuba motoci ke fita daga Mai Yara da ƙauyukan kewaye. Wasu su nufi Sabon Machi, wasu Kornaka, wasu Dakoro ko Maraɗi. Da yawansu a-kori-kura ne, irin su Land Cruiser da Hilux. A bayansu ga buhunan hatsi da wake, ga awaki a ɗaure, ga mutane zaune bisa kaya. Wani lokaci ma motar na janye da wata wadda ta lalace, ko tankin ruwa mai ƙafafu.

Duk wannan nauyi bisa taya huɗu yake. Wurin da kowace taya ke taɓa ƙasa kuwa bai fi faɗin tafin hannu ɗaya ko biyu ba. Saboda haka darasinmu na yau ya shafi direba, ya shafi mai kaya, ya shafi fasinja. Ran kowa da dukiyarsa na bisa tayar nan.

Iska ce ke ɗaukar kaya

A da, ƙafafun keke na roba ne tsagwaro, babu iska ciki. Mai hawa na jin kowane dutse a ƙashin bayansa. A shekarar 1888 wani likitan dabbobi mai suna Dunlop, a birnin Belfas, ya yi wa keken ɗansa taya mai iska. Daga nan dabarar ta yaɗu, har ta kai ga motoci.

Mu lura da kyau: roba jaka ce kawai. Iskar da ke cikinta ita ke ɗauke da mota. In iska ta yi kaɗan alhali kaya sun yi nauyi, sai gefen taya ya riƙa lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi. Ka taɓa lanƙwasa waya kana miƙar da ita sau da yawa? Sai ka ji ta yi zafi, daga baya ta karye. Haka taya take. Zarurrukan da ke cikinta su yi zafi, su rabu da roba, sai ka ji ƙara kamar bindiga. In motar na gudu, ga mutane bisa kaya, sai dai mu ce Allah ya kiyaye.

Rubutun da ke jikin taya

Ga wani amfanin karatu. Kowace taya na da rubutu a gefenta, wanda ya iya baƙi da lamba zai iya karanta shi.

Na farko, girman taya. Misali 7.50 R16. Lamba 16 tana nuna girman ƙarfen da tayar ke zama a kansa. Baƙin R yana nuna irin saƙar zarurrukanta, wadda kamfanin Michelin na Faransa ya fito da ita a 1946.

Na biyu, irin aikinta. In ka ga LT ko C, tayar motar kaya ce. In ka ga 8PR ko 10PR, ƙarfin jikinta ake nufi. Mai 10 ta fi mai 8 tauri.

Na uku, lambar nauyi. Lamba 100 tana nufin taya ɗaya na iya ɗaukar kilo 800. Lamba 112, kilo 1.120. Lamba 121, kilo 1.450. Amma fa sai in an cika ta da iska yadda ya kamata. Taya mai ƙarancin iska ba ta kai wannan ƙarfi.

Na huɗu, shekarunta. Ka nemi baƙaƙe uku, DOT. A ƙarshen layin akwai lambobi huɗu. Biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. In an rubuta 2319, an yi tayar a sati na 23 na shekarar 2019.

Mu yi lissafi

Tayoyin baya su ke shan mafi yawan kaya. A ce biyun masu lamba 112 ne. Ƙarfinsu duka kilo 2.240 ke nan. A ce nauyin bayan motar kanta, babu kaya, kilo 900 ne. In mun cire, saura kilo 1.340.

To, a ce an loda buhu 15 na hatsi, kowane kilo 100. Kilo 1.500 ke nan. Mutum 10 suka hau bisa, kowane kilo 60. An ƙara kilo 600. Jimla kilo 2.100. Kun ga an wuce ƙarfin taya da nisa. Ga shi kuma irin waɗannan motoci, kayan da aka yi su dominsa bai wuce kamar tan ɗaya ba, watau buhu 10. Sifirin da birki su ma suna da iyakarsu.

Mun sani motoci ba su da yawa a ƙauye, mai kuma ya yi tsada. Direba na son sawu ɗaya ya fitar masa da kuɗin mai da na cefane. Amma kwaɗayi mabuɗin wahala. Kuɗin buhu biyar da aka ƙara ba ya sayen sabuwar taya, balle ya biya rai.

Mi ya sa mota ke jijjiga in babu kaya?

Fasinjoji kan ce: “Da za mu kasuwa motar na tafiya lafiya lau, da za mu komo kamar za ta zubar mana da haƙora.” Gaskiyarsu. An yi tayar kaya da sifirinta da tauri don su jure nauyi. In akwai kaya, nauyi ya danne su, sai tafiya ta yi laushi. In an sauke kaya aka bar iska cike, babu abin da zai danne su. Sai bayan motar ya riƙa tsalle bisa gargada.

Wannan jijjiga ba ƙaramin abu ba ce. Tana fasa ƙwai da tulu. Tana kwance kusoshin mota. Tana wahalar da tsofaffi. Mace mai naƙuda da aka ɗauko zuwa likita ita ta fi kowa shan azabarta. Bayan haka, tayar da ke tsalle ba ta kama ƙasa sosai, ko an taka birki.

Maganin abin shi ne a daidaita iska da kaya. Galibin motoci na da ɗan allo a jikin ƙofar direba. A nan masu ƙera motar suka rubuta awon iskar da ya dace da gaba da baya. A wasu motocin har an raba na lokacin da akwai kaya da na lokacin da babu. In za a yi lodi, a ƙara wa na baya iska. In an sauke, a rage zuwa awon da aka rubuta. A yi amfani da ma'aunin iska. Bugun taya da ƙafa ko da ƙarfe ba awo ba ne.

A auna da safe, tun taya na da sanyi. A watan Afrilu da Mayu zafi a ƙasar Dakoro kan wuce digiri 40. In taya ta yi tafiya ta yi zafi, awon iskarta na hawa. Wannan ba laifi ba ne. Kada a sace mata iska a lokacin nan, don in ta huce za ta koma ƙasa da yadda ake so.

Rairayi daban, kwalta daban

Hanyoyinmu na ƙauye rairayi ne. Taya mai iska ƙam tana yanka rairayi, ta nutse. In aka rage mata iska, sai ta baje, ta taka wuri mai faɗi kamar tafin raƙumi. Shi ya sa tsofaffin direbobi ke rage iska kafin su shiga jigawa.

Sai dai dabarar na da sharuɗɗa uku. A yi tafiya sannu. Kada a rage da yawa in kaya na da nauyi, don taya na iya fita daga ƙarfenta, gefenta kuma ya fi saurin kamuwa da kututture da ƙayar aduwa. Sa'an nan da an hau kwalta, a mayar da iska kafin a yi gudu. Wanda ya manta da wannan, tayarsa za ta yi zafin da muka faɗa a baya. Don haka famfo da jak da safaya mai lafiya kada su rabu da mota.

In ana jan wani abu

Ja yana ƙara wa tayoyin baya aiki. Su ke tura motar, su ke ɗaukar nauyin da bakin tanki ya ɗora musu. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tanki mai lita 1.000 tan guda ke nan, ban da ƙarfensa. In iskar baya ta yi kaɗan, sai abin da ake ja ya riƙa kaɗa motar dama da hagu. Saboda haka mai ja ya cika tayoyin baya, ya rage kayan da ke cikin mota, ya rage gudu. Ya kuma tuna birki zai daɗe bai tsayar da shi ba. Kada a bar fasinja bisa abin da ake ja.

Tayar gwanjo

Sabuwar taya na da tsada, shi ya sa mutane da yawa ke sayen ta gwanjo. In ya zama dole, a duba ta da rana. A karanta shekarunta. Masu ƙera taya na ba da shawara a daina aiki da wadda ta kai shekara 10, ko da zanenta na nan, don roba na tsufa. A duba gefenta, in akwai tsaga ko ƙari kamar ƙwai, a bar ta. A cikin ramin zane akwai ƴan tudu ƙanana. In zanen ya cinye har ya zo daidai da su, tayar ta ƙare. Araha ba ta ado.

Kai fasinja, kana da bakin magana. In ka ga taya ta kwanta ko ta tsage tun a tasha, ka ce wa direba: “Maigida, don Allah a dubi tayar nan kafin mu tashi.” Direban kirki ba zai ji haushi ba. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Mi ke sa taya ta fashe in iskarta ta yi kaɗan?
2. An rubuta 0821 a jikin taya. Wane sati da wace shekara aka yi ta?
3. Taya biyu masu lamba 121, kilo nawa za su iya ɗauka?
4. Mi ya kamata direba ya yi in ya fito daga rairayi ya hau kwalta?
5. Ran kasuwa mai zuwa, ka kwafo rubutun jikin taya ɗaya a littafinka, mu karanta shi tare a aji.