Babi na Tara: Harshen Jarida da Rahoton Doka: Nazarin Labaran Riƙe Bindiga a Manyan Makarantu

9.0 Gabatarwa

Rahoto a kan doka na daga cikin nau'o'in rubutun jarida da suka fi buƙatar taka-tsantsan, domin kuwa kalma ɗaya tak tana iya mayar da halal haram, ko ta mayar da haram halal a idon mai karatu. Wannan babi ya dubi yadda kuskure ke kutsawa cikin irin wannan rahoto, ta hanyar ɗaukar batun riƙe ƙaramar bindiga a manyan makarantu a matsayin abin nazari. An zaɓi batun ne saboda ya shafi ɗalibai da malamai kai tsaye, musamman tun daga shekarar 2021, lokacin da 'yan bindiga suka kai hari Kwalejin Gandun Daji ta Afaka a watan Maris, da Jami'ar Greenfield a watan Afrilu, da kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli da ke Zariya a watan Yuni. Tun daga wannan lokaci muhawarar kare kai ta shiga ɗakunan kwanan ɗalibai daga Kongo har Samaru, kuma akasarin abin da ake kafa hujja da shi daga kanun labarai ake tsinto shi.

9.1 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi ya iya:

i. bambance ƙuduri da doka da umarni da kira;
ii. gano kalmomin da ke karkatar da ma'ana a rahoton da aka fassara;
iii. gyara kanun labari yadda zai dace da gundarin labarin;
iv. tsara darasin auna fahimta ta amfani da guntun jarida.

9.2 Zariya da Tarihin Yaƙi da Jita-jita

Aikin jarida da harshen Hausa ya kafu ne a kan tace labari. A watan Janairun 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, bisa jagorancin Dakta Rupert East, tare da Malam Abubakar Imam a matsayin editan Hausa. Ɗaya daga cikin dalilan kafa ta shi ne kashe jita-jitar da ta bazu a Arewa gab da Yaƙin Duniya na Biyu, cewa Ingila za ta miƙa wa Jamus ƙasar Nijeriya. Haka kuma a Kongo ne Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello take, inda ake horar da masu fassara nassin doka. Ke nan garin ya haɗa gadon jarida da na shari'a, kuma malamin Hausa da ke nazarin rahoton doka yana buƙatar ya ɗebi wani abu daga kowannensu.

9.3 Muhimman Kalmomi

Akwai kalmomi huɗu da rahotanni suka fi cakuɗawa.

Ƙuduri, wato daftarin doka, shawara ce da aka gabatar wa majalisa. A Majalisar Ƙasa sai ya bi karatu na ɗaya da na biyu, ya je gaban kwamiti, ya dawo karatu na uku, sannan ɗaya majalisar ma ta amince da shi. Ƙudurori da yawa kan mutu a hanya.

Doka ita ce ƙudurin da ya kammala waɗannan matakai, Shugaban Ƙasa ya rattaba masa hannu. Sashe na 58 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba shi kwana 30 ya sanya hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, sai kashi biyu cikin uku na kowace majalisa ya sake amincewa kafin ƙudurin ya zama doka.

Umarni magana ce ta mai riƙe da muƙamin zartarwa zuwa ga waɗanda ke ƙarƙashinsa, kuma ba ya da ƙarfin da zai ture doka.

Kira kuwa ra'ayi ne kawai, komai girman wanda ya furta shi.

9.4 Misali na Farko: Dokar Jihar Teksas

A watan Yunin 2015 gwamnan jihar Teksas ta Amurka, Greg Abbott, ya sanya hannu a kan dokar da ta yarje wa masu lasisi shiga gine-ginen jami'o'in gwamnati da ƙaramar bindiga a suturce. Dokar ta fara aiki ranar 1 ga Agustan 2016, ranar da ta cika shekara 50 cif da harbe-harben da wani ɗalibi ya yi daga hasumiyar Jami'ar Teksas da ke Austin a 1966. Wannan dacewar rana ta ƙara wa labarin zafi, kuma a wurare da dama an taƙaita shi da cewa an ba ɗalibai damar shiga aji da bindiga. Sai dai nassin dokar ya ƙunshi sharuɗɗan da taƙaitawar ta haɗiye:

a. Mai lasisi kaɗai dokar ta shafa, kuma a lokacin da ta fara aiki sai wanda ya kai shekara 21 ake ba lasisi, in ban da sojoji. Don haka galibin ɗaliban digirin farko ba su cikin lissafi.

b. Dole ne bindigar ta kasance a rufe. Wata doka ta daban, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2016, ita ce ta yarda da rataya ƙaramar bindiga a fili, kuma ba ta haɗa da jami'o'i ba. Kusancin lokacin dokokin biyu ya sa an riƙa cakuɗa su.

c. An bar wa jami'o'i masu zaman kansu zaɓi, kuma kusan dukkansu suka zaɓi hanawa.

d. An ba shugabannin jami'o'in gwamnati ikon keɓe wasu wurare, kamar wasu ɗakunan gwaje-gwaje da wuraren kula da marasa lafiya, muddin keɓewar ba ta zama hani na gaba ɗaya ba.

e. Tun bayan dokar lasisi ta 1995, masu lasisi na da damar bi ta tituna da wuraren ajiye motoci na jami'a da bindigarsu. Sabon abu a 2016 shi ne shiga cikin gine-gine.

Ba manufar wannan babi ba ce ya yanke hukunci a kan dacewa ko rashin dacewar dokar, domin a can Teksas ɗin ma malamai da ɗalibai da dama sun yi adawa da ita, har wasu malamai uku suka kai ƙara kotu, ko da yake ba su yi nasara ba. Abin lura shi ne, mai goyon baya da mai adawa duk suna buƙatar sahihin bayani kafin su kafa hujja.

9.5 Misali na Biyu: Nijeriya

Tsarin Nijeriya ya sha bamban da na Amurka. A can, jiha na da ikon yin dokar bindiga. A nan kuwa, Tsarin Mulkin 1999 ya sanya makamai da harsasai da abubuwan fashewa cikin jerin al'amuran da Majalisar Ƙasa kaɗai ke yi wa doka. Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku:

1. Haramtattun bindigogi, waɗanda suka haɗa da na soja da masu sarrafa kansu da ƙananan bindigogin hannu irin su libarba da fistol. Waɗannan sai da lasisin Shugaban Ƙasa.

2. Bindigogin amfanin kai, kamar na farauta na zamani, waɗanda Sufeto Janar na 'Yan Sanda ke ba da lasisinsu.

3. Bindigogin ɗuri, irin su bindigar toka da maharba ke riƙewa, waɗanda ke hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha.

Daga nan za a fahimci cewa ƙaramar bindigar da ake muhawara a kanta a Teksas tana cikin rukunin farko a Nijeriya, kuma mallakarta ba da izini ba na iya jawo ɗaurin shekara goma.

A watan Agustan 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi kira ga jama'ar yankunan da 'yan bindiga suka addaba da su nemi makamin kare kai. A watan Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ƙarƙashin Bello Matawalle ta umarci Kwamishinan 'Yan Sanda ya ba waɗanda suka cancanta lasisi. Na farko kira ne, na biyu umarni ne, kuma babu wanda ya sauya ko da harafi ɗaya na dokar 1959. Hasali ma, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya bayyana cewa gwamna ba ya da wannan iko. Duk da haka, abin da ya fi zaunawa a bakin jama'a shi ne wai an halatta riƙe bindiga.

9.6 Ƙofofin da Kuskure ke Shigowa

Kanun labaran da ke ƙasa an tsara su ne domin darasi kawai.

Na farko, wakilin suna na boye-mai-aiki, wato "an". A jimlar "An amince da riƙe bindiga" ba a san wanda ya amince ba: kwamiti ne, ko majalisa ɗaya, ko gwamna, ko kotu. Rahoton doka na buƙatar a ambaci mai aikin ƙarara.

Na biyu, lokacin aiki. Tsakanin "ta amince" da "za ta duba" akwai tafiyar watanni, wani lokaci ma shekaru. Ƙudurin da ya tsallake karatu na biyu bai zama doka ba, don haka shuɗaɗɗen lokaci a kanunsa na iya yaudarar mai karatu.

Na uku, jam'i marar iyaka. "Ɗalibai za su shiga aji da bindiga" na nuna dukkan ɗalibai. Kalmomin "wasu" da "masu lasisi" su ne ke mayar da jimlar kan turbarta.

Na huɗu, faɗin ma'anar kalma. "Bindiga" a Hausa ta tattara tun daga ta maharbi har zuwa ta fagen daga, alhali doka ta rarrabe su, kuma kowane rukuni da hukumar da ke ba da izininsa.

Na biyar, fassarar kalma da kalma. Idan aka ce mutum ya shiga makaranta da bindiga "a ɓoye", abin da Bahaushe zai fahimta shi ne ya shiga da ita a asirce, ba da sanin hukuma ba. Nufin dokar Teksas kuwa shi ne makamin da hukuma ta san da shi, amma aka rufe shi cikin tufafi ko jaka. "A suturce" ko "a rufe cikin tufafi" sun fi kusa da manufa.

Na shida, zubar da sunan wuri. A kafofin sada zumunta irin su Facebook da WhatsApp akan yanko kanu a watsa shi ba tare da gundarin labarin ba. Da zarar sunan ƙasa ya faɗi, ɗalibin da ke Kongo ko Gyallesu zai iya ɗauka cewa makarantarsa ake nufi.

Misalin gyara:

Gurɓataccen kanu: An Ba Ɗalibai Damar Shiga Jami'a da Bindiga a Ɓoye.

Gyararren kanu: Amurka: Jihar Teksas ta Yarje wa Masu Lasisi Shiga Gine-ginen Jami'o'in Gwamnati da Ƙaramar Bindiga a Suturce.

Na biyun ya fi tsawo, amma ya amsa tambayoyin wa, me, da ina.

9.7 Aikin Malami a Aji

Illar gurɓataccen rahoto ba a takarda take tsayawa ba. Matashin da ya gaskata cewa an halatta riƙe makami zai iya sayen na bayan fage, ya ƙare a gidan yari, rashin sanin doka kuwa ba ya wanke mai laifi. Uban da ya ji za a cika makarantu da bindigogi zai iya janye 'yarsa daga karatu. Magana zarar bunu ce, kuma gyaran da jarida kan buga daga baya bai cika kai inda kuskuren ya kai ba.

Saboda haka, ana so malami ya riƙa shigo da guntayen jaridu cikin darasin auna fahimta da na fassara. Zai raba ɗalibai rukuni-rukuni, ya ba kowane rukuni labari ɗaya, su amsa tambayoyi biyar: Wa ya yi maganar? Yana da ikon da ake jingina masa? A wane mataki batun yake? Su wa ya shafa, su wa bai shafa ba? A wace ƙasa ko jiha? Daga nan sai su sake rubuta kanun da kansu, a kwatanta a kan allo. Ya kamata malami ya kauce wa cusa ra'ayinsa a kan mallakar makami, ya kuma lura da cewa a ajin ana iya samun yaron da harin 'yan bindiga ya taɓa danginsa.

9.8 Kammalawa

Wannan babi ya bambance ƙuduri da doka da umarni da kira, ya kawo misalin Teksas da na Nijeriya, sannan ya zayyana ƙofofi shida da kuskure ke bi ya shiga rahoto. An ga cewa akasarin ɓarnar daga ƙananan kalmomi take fitowa, irin waɗanda malamin Hausa ke koyarwa kullum a darasin nahawu.

9.9 Tambayoyin Bita

1. Bambance tsakanin ƙuduri da doka tare da kawo matakan da ƙuduri ke bi a Majalisar Ƙasa.
2. Kawo sharuɗɗa huɗu na dokar Teksas da taƙaitaccen rahoto kan tsallake.
3. Me ya sa umarnin gwamnatin Zamfara na 2022 bai zama doka ba?
4. Tattauna bambancin ma'ana tsakanin "a ɓoye" da "a suturce".
5. Jinga: Nemo labarin doka guda ɗaya daga wata jaridar Hausa, a auna shi da tambayoyi biyar na sashe na 9.7, sannan a tsara darasin minti 40 a kansa domin ɗaliban aji uku na ƙaramar sakandare.