Amsar Tambaya: Shin sayen hannun jari caca ce?

Tambaya: Na tara 'yan kuɗi. Wani ya ce in sayi hannun jari, wani ya ce caca ce. Ina zan dosa?

Amsa: Malam, ɓoye kuɗin ma asara ce. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari, wato dubu ɗarin da aka adana a Janairu ba ta sayen abin da take saya a Disamba. Hannun jari kuwa rabo ne a mallakar kamfani irin Dangote Cement ko MTN, ana cinikinsa a kasuwar NGX ta Legas. Kamfanin ya ci riba a raba da kai, ya faɗi ku faɗi tare. Ɗan caca ba ya mallakar komai.

Masu tsoro suna da hujja, don a 2008 kasuwar ta rushe, mutane suka tafka asara. Amma waɗanda suka fi jin jiki su ne masu cin bashin banki su saya, da masu zuba komai a hannun jarin bankuna. Saboda haka ka sa kuɗin da ba za ka nema ba nan da shekaru, ka rarraba su, ta hannun dillali mai lasisin SEC, hukumar da ke kula da kasuwar. In kuɗin ruwa kake gudu, akwai Sukuk, takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, da gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017 don gina hanyoyi, ana shiga da naira 10,000. Wanda ya yi maka alkawarin kashi 30 duk wata, irin na shirin damfara na MMM da ya durƙushe a 2016, ka guje shi.