Koren Dutse a Hamadar Gobi

A kudancin ƙasar Mangoliya akwai hamada mai suna Gobi. Yawancinta tsakuwa ce da fako, kuma da hunturu sanyinta yakan daskarar da ruwa. Makiyaya ne ke zaune a cikinta, da awaki da tumaki da raƙuma masu tozo biyu. A nan ne mahaƙar jan ƙarfe da zinariya ta Oyu Tolgoi take, kimanin kilomita 550 kudu da Ulan Bato babban birnin ƙasar, kilomita 80 kuma daga iyakar Sin.

Tun zamanin da, mutanen wurin sun san wani ɗan tudu mai duwatsu kore da shuɗi, har sukan narka su su fitar da jan ƙarfe. Wannan launi tsatsa ce. Ruwan sama da iska ne ke cin jan ƙarfen da ke kusa da doron ƙasa, su mayar da shi kore. Masanin duwatsu in ya ga haka ya san akwai wani abu a ƙasa, amma yawansa sai an tona.

To, ina jan ƙarfen ya fito? Masana sun ce shekara kimanin miliyan 370 da suka wuce, duwatsu masu aman wuta ne a wurin. Narkakken dutse ya taso daga can cikin ƙasa, bai kai ga fitowa ba, ya tsaya yana hucewa sannu a hankali. Yana hucewa yana fitar da ruwa mai tsananin zafi da gishiri, ɗauke da jan ƙarfe da zinariya da farar wuta. Ƙarfin ruwan ya tsattsaga dutsen da ke kewaye, ya bi tsagogin, da ya huce sai ya bar kayansa a ciki. Shi ya sa in an fasa dutsen za a ga siraran jijiyoyi farare sun sarƙe da juna, da ɗigo-ɗigon wani ma'adani ruwan ɗorawa mai ƙyalli. Wanda bai sani ba sai ya ce zinariya ce. Alhali jan ƙarfe ne haɗe da baƙin ƙarfe da farar wuta. Ita zinariyar ido ba ya ganinta, don ƙanƙantarta.

Nan ne mai neman arzikin dare ɗaya zai sha mamaki. A yawancin irin wannan wuri, tan guda na dutse ba ya ba da kilo 10 na jan ƙarfe, zinariya kuwa ba ta cika giram ɗaya. Ba aikin diga da shebur ba ne. Yawan dutsen shi ne ribar.

Don a san yawan, sai a kawo injin huda ƙasa mai haƙoran lu'ulu'u. Yana shiga yana yanko dutse dogo mulmulalle kamar taɓarya. A jera shi cikin akwatuna, a rubuta zurfin da kowane yanki ya fito. Sannan a tsaga shi biyu a tsaye, rabi a kai ɗakin gwaji, rabi a adana. Rami ɗaya ba ya isa hujja, sai an yi ɗaruruwa.

Kamfanin BHP ya fara wannan aiki a Oyu Tolgoi wajen 1997, daga baya ya bar wurin. A 2001 kamfanin Ivanhoe Mines na Kanada ya ƙara zurfin hudar, ya ci karo da ma'adani mai kauri. Mafi kyawunsa ma yana ƙasa da nisan fiye da kilomita guda.

An fara sayar da abin da aka haƙo a 2013, ramin ƙarƙashin ƙasa kuma ya soma aiki a 2023. Yanzu kamfanin Rio Tinto ke da kashi 66 cikin ɗari na mahaƙar, gwamnatin Mangoliya 34. Sai dai tace ma'adanin na cin ruwa mai yawa, a wurin da ruwa ya fi komai tsada. Kamfanin na jawo nasa daga can ƙarƙashin ƙasa, amma makiyayan yankin sun kai ƙara a kan rijiyoyinsu da makiyayarsu, da kogin Undai da aka karkatar don aikin.